Yaron da Karatu Ke Ba Wuya: Wace Makaranta Za Mu Kai Shi?

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiya ya gabatar a taron cika shekara

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba da mataimakanta, iyayenmu da yayyenmu, ƙannenmu da suka shigo bana, da mazajenmu da suka ba mu izini kuma suka rako mu, muna yi wa kowa barka da zuwa. 'Yan uwa na Argungu da suka yi sammako suka kamo hanya, sannunku da tafiya. Na Birnin Kebbi, sannunku da ɗawainiyar baƙi. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji ta karanta mana lissafin kuɗi, mun ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu namu bayanin daga cikin wancan littafin ya fito. Da muka duba dalilan da mata ke rubutawa in sun zo neman lamuni, bayan jarin shinkafa da taki, babu abin da ya fi yawa kamar kuɗin makaranta. Da muka ƙara bincike, sai muka ga da yawa daga ciki ba kuɗin ci gaba da karatu ba ne, kuɗin canza wa yaro makaranta ne. An kawo sakamako, yaro ya zo kusa da na ƙarshe, uwa ta kwana ba ta yi barci ba, da safe ta zo ofis ta ce a ranta mata ta mai da shi makarantar kuɗi. Shi ya sa muka ce yau sai mun zauna mun yi wannan magana tsakaninmu.

Za mu fara da labarin wata 'yar uwarmu. Tana cikin zauren nan, kuma ita ce ta ce mu faɗa, amma ba za mu kama suna ba. Ɗanta yana aji huɗu na firamare bai iya haɗa baƙi ya karanta kalma ba. Malamai suka ce ba ya mai da hankali, in ana magana yana kallon taga. Babansa ya ce taurin kai ne, aka sa bulala. Ta ci bashin ƙungiya ta fitar da shi daga makarantar gwamnati zuwa ta kuɗi. Shekara ta zagayo, babu canji. Ta sayar da buhunan shinkafar da ta ajiye, ta sake masa wata wadda ta fi tsada, ga kuɗin kabu-kabu kullum. Nan ma shiru. Wata rana kakarsa ta zo daga ƙauye ta kwana biyu a gidan, sai ta ce wa uwar: "Ke, wanga yaro in an kira shi ta baya ba ya waigowa. Kun duba kunnenai kuwa?" Aka kai shi asibiti. Ashe tun yana ƙarami da ya yi ciwon kunne mai zubar da ruwa, jinsa ya ragu ƙwarai, kuma duk makarantun nan uku a layin baya yake zama saboda ya fi 'yan ajin tsawo. Aka yi masa magani, aka mai da shi bencin gaba, aka samu malama guda tana zama da shi bayan an tashi. Yau yana karanta wa uwarsa saƙon waya. Ita kuwa sai bana ta gama biyan bashin farko.

Da take ba mu labarin ta ce abin da ya fi ƙona mata rai ba kuɗin ba ne, bulalar da aka yi masa ce.

Kafin a canza makaranta

Abu na farko ke nan, 'yan uwa: kada mu ɗauki yaro daga wuri sai mun san abin da ke damunsa. In ciwon yana jikinsa, duk inda aka kai shi da shi zai tafi.

A fara da ido da kunne. Ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali. Ki rubuta manyan baƙaƙe a bango ki sa shi ya ja baya, ki ga ko yana runtse ido ko yana matsowa. In kin ga alama, ki kai shi asibiti. A Birnin Kebbi muna da asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya, a Argungu akwai babban asibiti, kuma kuɗin ganin likita bai kai kuɗin zango ɗaya na makarantar kuɗi ba.

Sai lafiyar jiki. Jiharmu tana cikin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya fi addaba a ƙasar nan, shi ya sa ma da aka fara rigakafinsa a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Yaron da zazzaɓi ke kwantar da shi sati biyu kowace damina, ya dawo an wuce shi, babu mai komawa baya domin shi. Yaranmu na bakin gulbi da ke wuni cikin ruwa, a lura da fitsarinsu, tsargiya tana shanye jini ta bar yaro da kasala. Mai sikila shi ma haka, kwanakin da yake rasawa suna da yawa. Ga kuma yunwa. Yaron da ya fita bai karya ba, kafin ƙarfe goma hankalinsa yana wajen mai awara.

Sai mu tambayi kanmu gaskiya: kwana nawa yaron nan ya je makaranta a zangon da ya wuce? Lokacin dashen shinkafa muna ɗauke su, lokacin korar tsuntsu muna ɗauke su, ranar kasuwa yarinya na bisa talla. A 2020 an rufe makarantu watanni saboda korona, a daminar shekarar kuma ambaliya ta cinye fadamu ta tayar da garuruwa. Yaran da ke aji ɗaya da aji biyu a lokacin, da yawansu harsashin ne ba su samu ba, kuma aka yi ta ciyar da su gaba. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. An tsallake masa mataki ne.

Akwai kuma wani kashi da ya kamata mu sani. Za ki ga yaro mai wayo, ya iya lissafin kuɗi a kasuwa, ya iya ba da labari tiryan-tiryan, idonsa da kunnensa lafiya, amma baƙaƙe na rikice masa, yana juya su, abin da ya koya yau gobe ya ɓace. Likitoci da malamai sun san wannan matsala a duk duniya, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Ba jifa ba ne, ba kuma kishiya ba ce. Abin da yake buƙata shi ne a koya masa sautin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, a maimaita, cikin haƙuri, a ƙaramin rukuni.

Gwajin da kowace uwa za ta iya yi a ɗakinta shi ne wannan. Ki ba shi rubutun Hausa mai sauƙi. In ya karanta labarin, ki tambaye shi me ya ji. In ya kasa, ki ba shi jimla ɗaya. In ya kasa, kalma ɗaya. In ya kasa, baƙaƙe. Inda ya tsaya, nan ne ainihin ajinsa, ko da rigar aji shida ce a jikinsa. Wadda ba ta yi boko ba ta sa yayarsa ko maƙwabciya ta yi, ita tana zaune tana kallo. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta gina tsarin koyarwa a kan irin wannan gwaji: a raba yara bisa abin da suka iya, a ajiye maganar shekaru da aji, a koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya. Tsarin ya yi aiki har ƙasashen Afirka da dama suka ɗauka.

Hanyoyin da ke gabanmu

In mun gano matsalar, sai a zo maganar wuri.

Hanya ta farko, wadda muka fi mantawa da ita, ita ce a bar shi inda yake a ƙara masa taimako. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne. Haƙƙinmu ne. Gaskiya ne azuzuwan gwamnati sun cika, amma a cikinsu akwai malamai masu takardar koyarwa, da yawa daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suka fito. Ki je ki ga malamin ajin da kanki. Ki roƙa a mai da yaron gaba. Ki nemi wanda zai zauna da shi rabin awa kullum. Kuɗin da za ki ba mai lesin bai kai rabin na sabuwar makaranta ba, kuma yaro bai rabu da abokansa ba.

Hanya ta biyu ita ce maimaita aji. Mun san da kunya. Uwa na jin nauyin a ce ɗanta ya zauna aji ɗaya da ƙanensa. Amma a kai yaron da bai iya karatu ba sakandare, a ce ya koyi kimiyya da Turanci, zalunci ne. Sai dai mu kiyaye: maimaita aji ba tare da an canza komai ba, shekara ce aka zubar. In zai maimaita, to a haɗa da wanda zai koya masa abin da ya rasa. In kunyar ta yi yawa, nan ne canza makaranta ke da amfani, ya je inda ba a san shi ba ya fara daga ajin da ya dace da shi.

Hanya ta uku, makarantar kuɗi. Akwai nagari, ba mu musanta ba. Amfaninta na gaske ga yaro mai rauni abu ɗaya ne: ƙarancin ɗalibai a aji, yadda malama za ta san sunansa ta san inda ya tsaya. In babu wannan, fenti da mota kika saya. Wasu makarantun suna alfahari da cewa ba a Hausa a harabarsu, har tara ake ci. Yaron da bai iya karatu da harshen uwarsa ba, a hana shi harshen, a ce ya koyi karatu da wanda ba ya ji, an ɗora masa kaya biyu. A maƙwabtanmu Sakkwato da kuma Bauchi an gudanar da shirin Mu Karanta, inda ake fara koya wa 'yan ƙananan azuzuwa karatu da Hausa kafin a haye zuwa Turanci, domin wanda ya iya haɗa baƙi da harshensa ya fi saurin iyawa da wani. Wasu kuma ba sa kayar da kowa, kowane yaro sakamakonsa mai kyau ne, don kada iyaye su janye. Ki yi masa gwajin ɗaki bayan zango ɗaya, shi ne zai gaya miki gaskiya. Sannan ki yi lissafi da kyau. Kuɗin makaranta sau uku ake biya a shekara, shinkafa kuwa ba kullum take ba da abin da aka zata ba. In shekara ɗaya kawai za ki iya ɗauka, kada ki fara, don yawan ciccira yaro kamar dashe ne, kowane cira sai saiwa ta ji.

Hanya ta huɗu, Islamiyya mai haɗe da boko. Mun ga yaran da boko ya gagara amma a Islamiyya suna gaba, hadda na zama musu. Wannan alama ce babba cewa kan yana ja. Irin wannan yaro yakan samu natsuwa a makarantar da ta haɗa biyun, domin yana da fagen da shi ma ake yaba masa. Amma ki duba nauyin darussan. In ana fita tun bakwai na safe sai biyar na yamma, ga hadda ga aikin gida, mai rauni zai ƙara nutsewa. Kuma ki tabbatar ana koyar da lissafi da Turanci da gaske, yadda zai iya zama jarrabawar shiga sakandare.

Hanya ta biyar, makarantar kwana ko kai yaro riƙo. Sau da yawa mukan ce a tura shi kwana ko a kai shi wajen kawunsa a birni, wai can zai yi hankali. Makarantar kwana tana yi wa yaron da ya riga ya iya karatu da kansa amfani, wanda hayaniyar gida da aike ne ke hana shi. Wanda bai iya ba, can babu mai zama da shi, ɓoyewa zai yi cikin taro har shekara uku ta wuce. Ga maganar tsaro, wadda ba ma buƙatar a tuna mana. Abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 yana zukatanmu har yau. Duk mai niyyar kwana ta je ta ga wurin da idonta, ta ga katanga, ta ga nisansa da gari, ta ji wa ke kwana da yaran. Riƙo kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, yarinyar da aka kai gidan 'yan uwa don karatu sau da yawa ita ke zama mai wanke-wanke.

Hanya ta shida ta shafi yaran da Allah ya jarraba da rashin ji, ko rashin gani, ko jinkirin fahimta mai tsanani. Kada mu ɓoye su a ɗaki. Akwai makarantu na musamman da ake koyar da maganar hannu da rubutun makafi, irin makarantar A. A. Raji da ke Sakkwato, kuma ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai nuna miki wadda ta fi kusa da ke. Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, har da wajen karatu. Wanda matsalarsa ba ta yi tsanani ba, kamar ɗan 'yar uwarmu da muka ba da labari, zamansa cikin sauran yara ya fi masa, in dai malamin ya san halinsa.

Hanya ta bakwai ta manya ce, waɗanda suka gama aji uku na ƙaramar sakandare. Wani yaron kansa a hannunsa yake. Ba shi injin ban-ruwa da ya lalace ka ga aiki. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnati da ke da jarrabawarsu ta NABTEB, kuma da takardarta ana iya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke nan Birnin Kebbi. Da injinan casar shinkafa da ke Argungu da Birnin Kebbi, da dubban injinan ban-ruwa da ke fadamun Rima, mai gyara ba ya rasa abin yi. Sharaɗinmu ɗaya ne: ko ɗinki ne ko walda, kada a saki karatu sai ya iya karantawa, ya iya rubutawa, ya iya lissafin kuɗinsa.

In kin je duba makaranta

Kada ki je ranar da aka gayyace ki. Ki je ranar Talata ko Laraba da hantsi. Ki roƙa a bar ki ki leƙa ajin da za a sa ɗanki. Ki ƙirga kawuna. Ki duba ko malami yana ciki. Ki karɓi littafin wani yaro na layin baya ki ga ko ana duba masa aiki. Ki duba makewayi da ruwan sha, musamman in 'ya mace ce da ta fara girma. Sannan ki tambayi hedimasta tambaya ɗaya: "Malam, in yaro ya zo aji huɗu bai iya karatu ba, me kuke yi masa?" In ya ce "ai mu ba mu da irin waɗannan," ki yi godiya ki kama hanya. In ya ce bulala ce maganinsu, ki ƙara sauri. Wanda ya ce za su gwada shi, su ware masa lokaci, su kira ki bayan wata guda, to ku zauna ku yi magana.

Kuma a tambayi yaron. Wani ba karatun ke ba shi tsoro ba, wani babban yaro ne ke ƙwace masa kuɗin tara, ko malami ne ya kira shi jaki gaban aji tun yana aji biyu, bai sake ɗaga hannu ba.

Maganar 'ya'ya mata

Iyayenmu maza da ke wajen nan, ku yi mana haƙuri, wannan taku ce da mu. In namiji ya kasa, mukan ce a canza masa makaranta. In mace ta kasa, mukan ce ai dama ba ta da kan boko, a ɗora mata talla kafin miji ya fito. Ciwon kunne bai san namiji ko mace ba. A ƙasar nan tamu ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da matan da ba su iya zuwa wurinta. Ba ta ce sai masu kaifin kai ba. Duk binciken da za a yi wa ɗa namiji a yi wa 'ya mace, kuma shawarar a yi ta tare, uwa da uba, tun kafin a ci bashi.

Abin da kwamiti ke roƙo

Muna kawo shawara uku gaban taro. Na ɗaya, duk wadda ta zo neman lamunin canza makaranta, ta fara zama da mutum biyu daga kwamitin ilimi, a yi wa yaron gwajin karatu, a tabbatar an duba ido da kunne. Ba don a hana ta ba, kuɗinta ne, sai don kada ta sake bin hanyar da 'yar uwarmu ta bi. Na biyu, a cikinmu akwai malamai, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya, akwai kuma 'ya'yanmu da suka gama sakandare suna zaune. Muna roƙon a buɗe zaman karatu na yamma, kwana uku a sati, ɗaya a Birnin Kebbi ɗaya a Argungu, kowane rukuni kada ya wuce yara goma, a fitar da ɗan abin sabulu ga masu koyarwa daga ribar ƙungiya. Na uku, kowace unguwa ta samu mace ɗaya daga cikinmu da za ta shiga kwamitin kula da makarantar gwamnati ta unguwarsu, ta riƙa zuwa taro tana kawo mana labari. Sakatariya tana da takarda a bakin ƙofa, mai son ba da lokacinta ta rubuta suna kafin a raba abinci.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi take yi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya buɗe musu ƙirji, ya ba mu haƙurin zama da mai sauri da mai nawa. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya mai da kowa gidanta lafiya.